Shuɗin Fenti a Randar Kaka

A unguwar Kabara, cikin birnin Kano, akwai wata yarinya 'yar aji shida mai suna Zaituna. Yarinya ce mai kai, wannan ba wanda zai musa. In ta karanta shafi sau biyu, shi ke nan ya zauna mata daram. Tun tana aji uku ita ke zuwa ta ɗaya a kimiyya, har 'yan ajinsu suka sa mata suna Likita. Sunan kuwa ya yi mata daɗi. In aka kira ta da shi, sai ta gyara hijabi ta yi kamar ba ta ji ba, alhali ta ji sarai.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar ɗaliba mai suna Shamsiyya. Daga Ƙofar Na'isa iyayenta suka taso. Aka zaunar da ita benci ɗaya da Zaituna. Shamsiyya ba ta da saurin hadda, rubutunta ma sai a hankali. Amma akwai ta da tambaya. Ko ƙadangare ta gani a katanga sai ta tsaya tana kallonsa.

Da fari Zaituna ba ta ɗauke ta a bakin komai ba.

Wata rana Malama Aminat, malamar kimiyya, ta shigo aji ta ce, "Wa zai gaya mana yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska?"

Zaituna ta miƙe zumbur. Ta zubo bayanin da Turanci kamar yadda yake a littafi, ko waƙafi ba ta tsallake ba.

"Madalla," in ji Malama. "To ga wata. Me ya sa ruwan randa ya fi ruwan bokitin roba sanyi, alhali a inuwa ɗaya aka ajiye su?"

Zaituna ta lalubi duk shafukan da ke kanta, ba ta ga randa ba.

"Malama, ai ba a ba mu wannan a littafi ba."

Sai Shamsiyya ta ɗaga hannu a hankali.

"Malama, ni ban san dalili ba. Amma na lura jikin tulunmu kullum da danshi, kamar yana gumi. Shi kuwa bokiti a bushe yake. Ko a nan dalilin yake?"

Malama ta yi murmushi har haƙoranta suka fito.

"Kun ji ko? Ta ce ba ta sani ba. Ta faɗi abin da idonta ya gani. Sannan ta yi tambaya. To daga nan kimiyya take farawa. Ku tafa mata."

Aka tafa. Zaituna ma ta tafa, amma da yatsu biyu. Kishi ya turnuƙe ta. Wai yarinyar da ta ce da bakinta ba ta sani ba, ita ake tafa wa! Ita da ta kawo amsa tiryan-tiryan, madalla kawai ta samu.

Kafin a tashi, Malama ta yi sanarwa. Za a yi baje kolin kimiyya na makarantun cikin birni, kuma kowace makaranta ɗalibi ɗaya za ta tura.

"Ranar Alhamis kowa ya kawo gwajinsa," in ji ta. "Wanda nasa ya fi, shi zai wakilce mu."

Zaituna ta daɗe da sanin wannan baje koli, kuma ta daɗe da sa wa ranta cewa kujerarta ce. Sai ta ji Shamsiyya tana cewa, "Ni tulu da bokiti zan kawo."

Zaituna ta harare ta ta gefen ido. Ta ce a ranta, "Tulu ko? To ni ma tulu zan kawo. A kan abin naki zan kayar da ke."

Da ta koma gida, ɗakin Kaka ta nufa. Kaka ita ce mahaifiyar Abbanta. A ƙofar ɗakinta akwai wata babbar randa, rabinta a binne cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, da moɗa a kai. Randar ta girmi Abba. Kaka ta gaje ta ne daga mahaifiyarta. Ga shi lokacin zafi ne, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Saboda haka duk gidan a randar Kaka ake shan ruwa, har maƙwabta kan aiko da jug.

"Kaka, ki ara min ƙaramin tulunki," in ji Zaituna. "Gwajin kimiyya zan yi."

"Ɗauka, Likitar gidanmu," in ji Kaka. "In kin zama babba kya yi min allura a hankali."

Zaituna ta ɗauki tulun ta jujjuya shi. Ja ne, launin ƙasa, ba kyan gani. Irinsa Shamsiyya za ta kawo. To ta yaya nata zai fita daban?

Sai ta tuna da ragowar shuɗin fentin da yayanta Mikail ya shafa wa ƙyauren gida. Ta ɗauko gwangwanin da burushi. Ta shafe tulun tas, tun daga wuya har gindi. Da ya bushe ta ƙara masa wani. Tulu ya fito yana ta ƙyalli. Zaituna ta ja da baya tana kallonsa, bakinta har kunne.

Ranar Laraba da safe ta cika shi da ruwa, ta ajiye kusa da randar Kaka. Da yamma ta tsiyaya a kofi ta kurɓa.

Ruwan da ɗumi, kamar na butar da aka manta a rana.

Ta ɗebo na randa ta kurɓa. Sanyi har cikin haƙori. Ta sake kurɓar nata. Ɗumin dai yana nan.

A nan ne ya kamata Zaituna ta tsaya ta ce, "Me ya sa?" Tambayar na gabanta, a fili. Amma mai kishi ba ya ganin abin da ke gabansa, abin da ke hannun wani yake gani. Ita dai ba abin da take hangowa sai Shamsiyya a wajen baje koli, ana tafa mata.

"Wallahi ba za ta yiwu ba," ta faɗa a ranta.

Ranar Alhamis da safe ta biya ta gidan Maman Nura, mai sayar da ƙanƙara a lungunsu. Ta sayi ƙulli guda. Ta laɓe a wani soro, ta fasa ƙanƙarar ta zuba a tulun, ta rufe. Kafin lokacin darasin kimiyya ya yi, ƙanƙara ta narke, ba ko alamarta.

Yara suka jera kayansu a kan tebura. Wani ya kawo batir da ƙwan fitila. Wata ta kawo wake da ya tsiro a gwangwani. Malama Aminat ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta iso bencin su Zaituna. Ta ciro ma'aunin zafi daga jakarta.

Ta tsoma shi a bokitin Shamsiyya, ta duba. Ta tsoma a tulunta, ta duba.

"Lallai na tulu ya fi sanyi," in ji ta. "Aikinki ya yi kyau."

Sannan ta tsoma a shuɗin tulun Zaituna. Jan layin ma'aunin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya wuce na Shamsiyya nesa ba kusa ba. Aji ya kaure da ihu.

"Likita! Likita!"

Malama ta dubi ma'auni, ta dubi Zaituna.

"Tun yaushe kika zuba ruwan nan?"

"Tun jiya, Malama."

"Me kike ganin ya sa shi sanyi haka?"

"Fentin ne, Malama. Fenti yana hana zafi shiga."

Malama ta mayar da ma'aunin cikin jakarta. Sannan ta ce, "To. Amma a kimiyya gwaji ɗaya ba ya isa. Abin da yake gaskiya, in an sake shi zai sake fitowa, ko a hannun wa. Ranar Litinin ku zo da tulunanku ba ruwa. A famfon makaranta za mu cika su, mu ajiye a inuwa ɗaya. In sakamakon bai canza ba, Zaituna ce za ta je."

Zaituna ta san asirinta zai tonu. Amma ta yi ta maza, ta ce, "To, Malama."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Shamsiyya. Maimakon ta yi kuka, sai ta matso tana shafa tulun.

"Ikon Allah! Ni na zaci gumin ne ke kawo sanyi. Ashe na yi kuskure. Don Allah wane irin fenti ne? Ina so in gwada a gida."

"Sirri ne," in ji Zaituna, ta janye tulunta.

A hanyar gida ta gama shirya dabara. Ranar Litinin za ta ce kanta na ciwo, ta ƙi zuwa makaranta. Wataƙila Malama ta haƙura ta tura sunanta haka nan.

Da a ce ta kama bakinta a gida, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Umma na tambayarta yadda aka yi, sai ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Nawa ne ya fi na kowa sanyi! Na gano cewa fenti yana sanyaya ruwa. Har Malama ta auna da ma'auni."

"Kai, masha Allah!" in ji Umma.

Kaka na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ta ce, "Oh, ni jikar mutum huɗu! Mun tsufa muna shan ruwan randa, ba mu san wannan ba. Ilimi dai ya yi."

Ranar Asabar Zaituna ta tafi Islamiyya da safe. Da ta dawo wajen azahar, tun daga soro ta jiyo warin fenti. Ta shiga tsakar gida, sai ta tsaya cak.

An tono randar Kaka daga cikin yashi. An juye ruwanta, an shanya ta a rana ta bushe ƙayau. Yaya Mikail na tsugune a gabanta da burushi a hannu. Har ya ja layi ɗaya, shuɗi, mai faɗin tafin hannu, daga wuyan randar zuwa cikinta.

"Yawwa, ga mai aikin ta zo," in ji Kaka da fara'a. "Azumi ya kusa, ga zafi. Na ce wa maigidan nawa Mikail ya shafe min ita tas, yadda in an sha ruwa kowa zai samu mai sanyi sosai. Tunda jikata ta gwada ta gani, ni wa?"

Mikail ya sake tsoma burushi a gwangwani.

Zaituna ta tuna ɗumin ruwan da ta kurɓa ranar Laraba. Ta hango Kaka ta wuni da ƙishirwa, an kira magariba, ta ɗaga moɗa ta kurɓi wannan ruwan. Ta hango duk gidan, da maƙwabta masu aiko da jug. Fenti kuma in ya kama jikin randa, ba mai iya fitar da shi.

In ta yi shiru, ba wanda zai sani yau. In ta yi magana, baje koli ya tafi, sunan Likita ma ya tafi.

Burushi ya doshi randa.

"Yaya, tsaya!" ta ƙwalla. "Don Allah kar ka ƙara!"

Mikail ya tsaya, fenti na ɗiga a ƙasa. "Ke lafiya?"

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ƙarya na yi. Fenti ba ya sanyaya ruwa. Ɓata shi ma yake yi. Ƙanƙara na saya a gidan Maman Nura na zuba."

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Zaituna! Ke da bakinki? Me ya kai ki?"

"Shamsiyya ce," ta faɗa tana shessheƙa. "Kullum ita Malama take yabo. Ni kuma ba na so ta je, ni nake so in je."

"Shamsiyyar ce ta ce ki yi ƙarya?" in ji Umma.

Zaituna ta sunkuyar da kai. "A'a."

Kaka ta daɗe tana kallon shuɗin layin da ke jikin randarta. Ranta ya sosu, kowa ya gani. Can ta numfasa ta ce, "Zo nan."

Zaituna ta matso ta durƙusa.

"Ni ban yi boko ba," in ji Kaka. "Abin da kuka ce kun auna, yarda nake yi. Kin ga kuwa bai kamata ki gaya min abin da ba haka yake ba. Amma da kika tsayar da shi, kin kyauta. Tashi ki taya shi ku mayar min da abata."

Suka kankare layin da yashi har hannunsu ya yi ja, amma shuɗin ya riga ya shige. Dole suka haƙura. Suka mayar da randa gurbinta, suka cika ta da ruwa.

"Ranar Litinin," in ji Umma, "ko kanki na ciwo ko ba ya ciwo, za ki je ki faɗa wa Malama abin da kika faɗa mana."

Washegari da hantsi Zaituna ta zo shan ruwa. Ta dafa randar da hannu ɗaya, sai ta ji danshi. Ta matsar da hannun kan shuɗin layin. A bushe yake ƙayau!

Ta ajiye moɗa. Ta shafa gefen dama, danshi. Ta shafa gefen hagu, danshi. Ta koma kan fenti, babu. Ta ruga ta ɗauko shuɗin tulunta, ta cika shi, ta jira. Ko alamar danshi bai yi ba.

Tana tsugune, sai wata 'yar iska ta shigo ta soro ta bugi jiƙaƙƙen tafinta. Tafin ya yi sanyi. Ta ɗaga ɗaya hannun, busasshen. Shi bai ji komai ba. Ta kalli danshin yana bushewa a fatarta, yana bin iska.

Yana bin iska! Ai wannan shi ne abin da ta haddace da Turanci, har aka ce mata madalla. Ruwa na tsattsafowa ta jikin randa, iska na busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin. Fenti ya toshe hanyar, shi ya sa ruwan tulunta ya ƙi sanyi. Ashe amsar tana kanta tuntuni, ba ta dai taɓa haɗa ta da randar da take sha kullum ba.

"Umma! Kaka!" ta yi kira. "Ku zo ku taɓa ku ji! Kar ku yarda da ni, ku taɓa da kanku!"

Ranar Litinin ta sami Malama Aminat tun kafin a shiga aji. Ta faɗa mata komai.

"Na yi zargin haka," in ji Malama. "Sanyin ya yi yawa. Amma ban so in ce kin yi ƙarya ba tare da hujja ba, shi ya sa na ce a sake. Kin san ba ke za ki wakilce mu ba ko?"

"Na sani, Malama."

"Kuma akwai wadda kika sa ta yi zaton ta yi kuskure, alhali tana kan hanya."

Wannan ya fi komai yi wa Zaituna nauyi. Amma ta tsaya a gaban aji ta faɗi gaskiya. Wasu suka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Likitar ƙanƙara!" Malama ta daka masa tsawa. Zaituna ta juya wajen Shamsiyya ta ce, "Ki yi haƙuri. Kishinki nake yi. Ke ce da gaskiya, gumin ne."

Aka cika tuluna da bokiti a famfo, aka ajiye a inuwar darbejiya. Kafin a tashi aka auna. Na Shamsiyya ya yi sanyi. Shuɗin kuwa kusan ɗaya yake da na bokiti. Malama ta ce Shamsiyya ce za ta je baje koli.

Zaituna ta ji wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji. Kishi ba ya fita rana ɗaya. Amma wannan karon da tafi biyu ta tafa.

Sai Shamsiyya ta ɗaga hannu.

"Malama, in aka ce min wataƙila ƙasar tulun ce ke kawo sanyi, ba gumin ba, me zan ce? Tulu da bokiti ai ba abu ɗaya ba ne."

Kafin Malama ta amsa, Zaituna ta ce, "Ki tafi da nawa! Duk tulu ne, ƙasa ɗaya. Bambancinsu kawai ɗaya na gumi, ɗaya ba ya yi. Kuma akwai randar Kakata..." Ta kwashe labarin shuɗin layi da jiƙaƙƙen tafi ta faɗa.

Malama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Zaituna, yau kika fara kimiyya. An yarda wakili ya tafi da mataimaki. Shamsiyya, wa kike so?"

Shamsiyya ta kamo hannun Zaituna.

Ranar baje koli, Shamsiyya ce ta yi bayani, Zaituna na gefe tana miƙa wa mutane kofi. Duk wanda ya zo sai ta ce, "Kar ka yarda da mu. Taɓa wannan, taɓa wancan, sannan ka kurɓa ka ji." Teburinsu ya cika da jama'a har aka tashi.

Da azumi ya zo, randar Kaka ta ci gaba da ba da ruwa mai sanyi. Shuɗin layin dai yana nan har yau. Kullum Zaituna ta zo ɗibar ruwa sai ta gan shi, kuma sai ta tuna abin da ta koya. Sanin kimiyya ba hadda kaɗai ba ce. Shi ne ka lura da abin da ke gabanka, ka tambayi dalili, ka gwada, ka sake gwadawa, sannan ka faɗi gaskiyar abin da ka gani ko da ba shi kake so ba. Domin akwai masu yarda da maganarka, kamar yadda Kaka ta yarda da ta jikarta.